Na karanta 21 a matsayin 27, yanzu kawuna na zargin wanda ba shi da laifi

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano, na gama digiri, kuma ni ke riƙe wa kawuna takardu da lissafi a harkarsa ta hatsi a Dawanau. Wake da aya yake sarowa daga Maraɗi, a hannun wani Alhaji da suke hulɗa tun ban san kaina ba. Da yake na taɓa Faransanci a ƙaramar sakandare, na kuma ɗan ƙara da na waya, kawu ya ɗauka na iya, ni kuma ban taɓa musawa ba. Duk takardar da ta fito daga can ni ake miƙa wa.

A watan Mayu yaron Alhajin ya turo hoton wata takarda da aka rubuta da hannu, cewa an ware mana kaya, a zo a kwashe "au plus tard le 21 mai". Ni 27 na gani, 27 na faɗa wa kawu. Muka tura mota ranar 26, direba ya tarar an sayar wa wani, aka ce masa wa'adi ya wuce. Mota ta dawo wayam, kuɗin mota da na hanya suka bi ruwa, kafin mu samu wani kayan kuma farashi ya tashi. Kawu ya ce Alhajin ya ga ƙarin kuɗi ne ya ci amanarsa, har yau ba ya ɗaga wayarsa. Daga baya na nuna wa wani abokina da ya yi karatu a Yamai hoton, kallo ɗaya ya yi masa ya ce ai 21 ne.

Ba wannan ne karon farko ba. Na taɓa rubuta "le troisième mai", yaron Alhajin ya turo mini saƙon murya yana dariya. An taɓa ce mini "quinze jours", na ƙirga kwana goma sha biyar, ashe mako biyu ake nufi. Malam, barci ya gagare ni. Ina tunanin in ce wa kawu na samu wani aikin in tafi, maganar ta mutu a haka. Ko kuwa in faɗa masa? In kuma zan zauna, yaya zan yi da kwanan watan Faransancin nan da kullum yake kayar da ni?

Ɗanka, daga Kano.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya mayar wa kawunka da mafificin abin da ya rasa, kai kuma ya yaye maka wannan damuwa.

Mu ajiye Faransanci tukuna. Akwai wani dattijo a Maraɗi da ake kira maci amana a gidanku, alhali ya rubuta wa'adi, ya jira har wa'adin ya cika, yanzu kuma yana kira ba a ɗagawa. Kuskuren karanta lamba ba zunubi ba ne, kowa na iya yi. Amma shirun da kake yi tun ranar da abokinka ya nuna maka gaskiya, wannan kam haƙƙin mutum ne a wuyanka, kuma kullum ƙaruwa yake. In ka tattara ka bar aikin, ba ka kashe maganar ba, ka bar dattawa biyu ne cikin gaba a kan abin da kai ka jawo. Ba ma za ta ɓoyu ba. Duk ranar da biki ko ta'aziyya ta haɗa su, ko wani ya shiga tsakani, Alhajin zai ce a ɗauko takardar, hoton kuwa yana nan a wayar yaronsa. A ranar ba wanda zai tsaya kan 21 da 27, abin da za a ce shi ne ka sani ka yi shiru. A kasuwa ana yafe wa yaro asara, amma da wuya a sake damƙa littafin lissafi a hannun wanda aka taɓa kamawa da ɓoye magana.

Don haka ka faɗa masa, kada Juma'ar nan ta wuce. Ba a rumfa ba, inda yaran shago da 'yan dako ke kai-komo. Ka same shi a gida, bayan isha ko da sassafe, ka buɗe hoton ka ajiye a gabansa, ka ce: "Kawu, kuskuren nawa ne, Alhaji 21 ya rubuta." Kada ka fara da dogon bayani kan rubutun mutanen Nijar, domin zai ji kamar kana neman mafaka. Bayani sai ya huce. Zai yi faɗa, yana da hakkin ya yi, ka sunkuyar da kai ka saurara. In ka san zafinsa ya fi ƙarfinka, ka fara gaya wa mahaifiyarka, tunda ɗan'uwanta ne, ta san lokacin da ake tunkararsa. Sannan ka roƙe shi izini ka je Maraɗi da ƙafarka ka ba Alhajin haƙuri. Ta Katsina da Jibiya tafiyar yini ce, kuma zuwan ya fi kiran waya nesa ba kusa ba. Ka kuma yi tayin a riƙa cire wani abu daga abin da ake ba ka. Ko kawu ya ƙi karɓa, ya ji cewa ka ɗauki asarar a matsayin taka.

Tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a wannan zaman dai ka gaya masa iyakar Faransancinka. Ka ce kana iya tsintar ma'anar takarda, amma ba ka kai a dogara da kai kai kaɗai ba a kan wa'adi da kuɗi, kuma kana kan koyo. Wannan ne asalin ramin da ka faɗa: an ɗora maka rigar da ta fi ka, ka ji kunyar cewa ta yi maka yawa.

Yanzu ga abin da ya sa 21 ta zame maka 27, kuma ina so ka kalle shi da kyau domin ba za a daina turo maka rubutun hannu ba. Yaron da ya yi makaranta a Nijar, ko Kamaru ta ɓangaren Faransanci, ko Chadi, ba ya rubuta ɗaya da sanda guda a tsaye kamar yadda aka koya mana. Yana farawa daga ƙasa ko tsakiya, ya ja layi a karkace zuwa sama, sannan ya sauko a miƙe. In yana sauri, wannan layin farko yakan yi tsawo har lambar ta yi kama da bakwai ɗinmu sak. Bakwai ɗinsu kuwa kullum da ɗamara, wato ɗan gajeren layi da ya gitta ta a tsakiya. To ka riƙe wannan: a takardar rubutun hannu da ta fito daga can, lambar da ba ta da ɗamara ba bakwai ba ce, ɗaya ce, komai kamarta da bakwai. Ka koma kan tsofaffin rasiɗan da ke shagon kawu ka duba, za ka ga haka suke duka. Kai ma in za ka rubuta musu da hannu, ka riƙa yi wa bakwai ɗinka ɗamara, don kada su karanta ta ɗaya.

Sauran matsalar kuwa, abin da na lura a wasiƙarka shi ne kana zagayawa ta Ingilishi kafin ka isa Faransanci, alhali Hausarka ta fi kusa. Bature ɗan Ingila in zai faɗi kwanan wata sai ya ce rana ta uku ta watan Mayu, da lambar jeri, shi ya sa ka ga suna liƙa wa lamba ƙananan haruffa a sama. Wannan ne ka kwasa ka kai Faransanci ka rubuta "le troisième mai". Amma kai da bakinka me kake cewa? Uku ga Mayu. Ba ka taɓa cewa na uku ga Mayu ba. Bafaranshe ma haka yake yi: le trois mai, a rubuce le 3 mai. Lambar ƙirga ce tsurarta, da le a gabanta, sunan wata a bayanta, ba wata kalma a tsakani, ba waƙafi. Nijar ta samu 'yancin kai le 3 août 1960, an kafa jamhuriyarta le 18 décembre 1958, bikin ƙasar Faransa kuma le 14 juillet ne. Uku ga Agusta, sha takwas ga Disamba, sha huɗu ga Yuli. Ka ga kalma bayan kalma suke tafiya da Hausa.

Rana guda ce tak ta fita daga wannan tsari, ita ce ɗaya ga wata. Ba a cewa le un, sai le premier, a rubuce le 1er. 'Yancin Najeriya le 1er octobre 1960 ne, na Kamaru le 1er janvier 1960. Daga biyu ga wata har talatin da ɗaya kuwa ƙirga ce kawai. Ashirin da ɗayan da ta jawo maka wannan rigima ana faɗinta le vingt et un mai, talatin da ɗaya le trente et un, ba ruwansu da premier.

Akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da ba sa jawo asara amma suna nuna wanda ya ƙware. Sunayen watanni da na ranaku ba a fara su da babban harafi, sai in su suka buɗe jimla: lundi, mardi, mercredi, jeudi, vendredi, samedi, dimanche, daga Litinin zuwa Lahadi ke nan. Haka janvier, février, mars, avril, mai, juin, juillet, août, septembre, octobre, novembre, décembre. Kuma le ba ya gajarcewa a gaban takwas da sha ɗaya, ana cewa le huit, le onze. 'Yancin Chadi le onze août 1960. In za ka haɗa da sunan rana, le ɗin yana komawa gaba: le vendredi 1er août 2025. A saman wasiƙa ko rasiɗi kuma sunan gari ake farawa da shi: Kano, le 3 mai. In ka ga "Fait à Maradi, le..." a ƙasan takarda, ranar da aka rubuta ta ake nufi, ba ranar wa'adi ba. Mutane da dama suna rikita waɗannan biyun.

A rubutun lamba zalla ba ka da matsala da su, domin Nijar da Najeriya duka rana suke sawa a gaba, sannan wata, sannan shekara. 05/06 biyar ga Yuni ne a Maraɗi, biyar ga Yuni ne a Kano. Hatsarin yana cikin waya da kwamfuta, waɗanda da yawansu ke zuwa da tsarin Amurka, inda wata ke gaba: a can 05/06 shida ga Mayu ne. Tunda kai ke shigar da lissafi, ka duba saitin na'urarka. Mafi aminci dai ka riƙa rubuta sunan watan da haruffa. Nan ma ka buɗe ido a kan Yuni da Yuli, domin a hatimi da rasiɗin inji ana gajarta juillet zuwa JUIL, juin kuma JUIN, harafi ɗaya ne ya raba su, in tawada ta dushe kuwa sai ka matso da takardar kusa.

Ido ke nan. Kunne ya fi shi wahala, kuma a nan nake so ka ɓata lokaci. Deux da douze, biyu da sha biyu. Trois da treize, uku da sha uku. Six da seize, shida da sha shida. Cinq da quinze, quatre da quatorze. A waya, cikin hayaniyar kasuwa, waɗannan kan haɗe wa baƙon kunne. Abin da zai taimake ka shi ne daga sha ɗaya zuwa sha shida duka da ƙarar z suke ƙarewa: onze, douze, treize, quatorze, quinze, seize. Ka ɗauki wannan z ɗin a matsayin "sha" ɗinmu. Sai dai watanni uku suna farawa da wasali, avril da août da octobre, kuma mai magana yakan haɗe lamba da su har deux avril ta fito da z a tsakiya, ta yi kama da douze avril. A irin wannan wuri kada ka dogara da kunnenka ko kaɗan. Haka lokaci: su awa ashirin da huɗu suke ƙirgawa, 16h ƙarfe huɗu ne na yamma, kuma seize heures da six heures sun isa su sa direba ya kwana a tasha yana jiran wanda ba zai zo ba sai la'asar.

Shekara ma kamar Hausa suke faɗinta, ba sa raba ta gida biyu irin na Ingilishi. 1960 mille neuf cent soixante ne, dubu ɗaya da ɗari tara da sittin. Za ka ji wasu na cewa dix-neuf cent soixante, shi ma daidai ne. 2025 kuwa deux mille vingt-cinq, ba wata hanya. Inda za ka sha wuya shi ne daga saba'in zuwa casa'in da tara, domin saba'in a wurinsu sittin da goma ce, soixante-dix, tamanin ashirin sau huɗu, quatre-vingts, casa'in kuma ashirin sau huɗu da ƙarin goma, quatre-vingt-dix. Wanda aka haifa a 1998 zai ce mille neuf cent quatre-vingt-dix-huit. Kwanan wata ba ya kaiwa can, amma shekarar haihuwa da farashin buhu suna kaiwa. Dabarar ita ce kada ka sa alƙalami sai mai magana ya kai aya. In ka ji soixante ka yi saurin rubuta shida, quinze na iya biyo baya ta mayar da ita 75.

Batun quinze jours kuma ba ka yi wauta ba, lissafinka daidai ne, al'adarsu ce daban. A maganar yau da kullum suna ƙirgawa har da ranar da ake ciki, shi ya sa mako guda ya zama huit jours, kwana takwas, mako biyu kuma quinze jours. In mutum ya ce maka ran Talata "dans huit jours", rana ita yau yake nufi, Talata mai zuwa. Amma ga inda nake so ka yi hattara: a takardar hukuma, ta kotu ko ta banki ko ta duwan, wato kwastan, in an rubuta kwana goma sha biyar, to goma sha biyar ɗin ake nufi. Tunda kalma guda na iya ɗaukar ma'ana biyu, kada ka taɓa karɓar wa'adi da adadin kwanaki. Ka ce a ba ka ranar: "C'est quelle date exactement ?" Wace rana ce takamaimai?

Kalmomin da ke zagaye da kwanan watan sun fi lambar kanta nauyi a harkarku, kuma ba su da yawa. Au plus tard le 21 na nufin 21 ce rana ta ƙarshe, tana ciki. Avant le 21 na nufin kafin 21, don haka ka ɗauka 20 ce ta ƙarshe. Jusqu'au 21 har zuwa 21 ke nan, in an ƙara inclus an tabbatar maka tana ciki. À partir du 21, ko à compter du 21, daga 21 ne abin zai fara. Du 5 au 12 daga biyar zuwa sha biyu. A takardun mota da na direba za ka ga délivré le, ranar da aka bayar, da valable jusqu'au, ranar da za ta daina aiki, kuma wannan ta biyun ce za ka duba kafin mota ta ɗau hanyar iyaka. Sai wani ɗan le da ke sauya magana gaba ɗaya: in aka ce lundi, Litinin ɗin nan ce mai zuwa, in aka ce le lundi ba lamba a bayansa, kowace Litinin ake nufi. "Le camion part le lundi" ba alƙawarin rana guda ba ne, ana gaya maka ne duk Litinin motar ke tashi.

To ina lambobin jerin da ka koya suke aiki, tunda an kore su daga kwanan wata? Suna nan birjik a cinikinku: biya na farko, sawu na biyu, kaya mai daraja ta ɗaya. Ginin nasu mai sauƙi ne. Yadda muke sa na ko ta a gaban lamba mu ce na biyu, ta uku, su a baya suke liƙa ième: deuxième, troisième, dixième, vingtième. Yadda kuma muke da na farko da ta farko, waɗanda ba su fito daga kalmar ɗaya ba, su ma suna da premier ga namiji, première ga mace. Premier versement, biya na farko. Première tranche, kashi na farko. Daga na biyu zuwa sama kalmar ba ta sauyawa, le ko la ne kawai ke nuna jinsi: le deuxième voyage, la deuxième tranche. Wurare uku ake ɗan gyara rubutu. Lambar da ta ƙare da e tana zubar da shi, quatre ta zama quatrième, onze ta zama onzième. Cinq tana ƙara u, cinquième. Neuf tana mayar da f zuwa v, neuvième. Na ashirin da ɗaya kuma vingt et unième ne, ba a cewa vingt-premier. Shi ya sa ƙarnin da muke ciki suke rubuta shi XXIe siècle, su karanta vingt et unième siècle.

Za ka kuma gamu da second da seconde, su ma na biyu ne, ana furta c ɗin kamar g. Wasu malamai na cewa a yi amfani da su in abubuwan biyu ne kacal, amma ba wanda zai kama ka da laifi in ka tsaya kan deuxième. Wajen gajartawa, hukumar kula da harshen a Faransa, Académie française, ta fi son 1er, 1re, 2e, 3e, amma a takardu da allunan Nijar za ka ga 1ère da 2ème ko'ina. Ka karanta duka, ka rubuta gajeren. Dokar kwanan watan nan ma ita ce a sunayen sarakunansu: François Ier ana karanta shi premier, amma Louis XIV, wanda ya yi sarauta daga 1643 zuwa 1715, Louis quatorze ne, sha huɗu tsurarta.

Tunda za ka je gidan Alhajin, bari in ƙara maka wannan don hira. Azuzuwan sakandare a can da baya-baya ake ƙirga su. Yaro na shiga sixième, ya wuce cinquième, quatrième, troisième, inda ake zana jarrabawar BEPC, sannan seconde, première, terminale, inda ake zana bac, jarrabawar gama sakandare. In aka ce maka ɗan gidan yana troisième, to shekararsa ta huɗu ke nan kuma jarrabawa na gabansa, addu'ar sa'a za ka yi masa. Wanda ke première kuwa ba sabon shiga ba ne, saura masa shekara guda ya gama.

Duk abin da na zayyana maka bai fi ka haddace shi cikin mako biyu ba in ka sa kai. Ka riƙa karanta kwanan watan kowace rana da ƙarfi da Faransanci in ka buɗe shago. Ka riƙa duba saman jaridar Le Sahel a intanet, ka saurari labarun Faransanci na Télé Sahel ko Voix du Sahel, inda ba a minti biyar ba a ambaci wata rana ba. In kana da hali ka yi rajista a Alliance Française da ke nan Kano, domin waya ba ta gyara wa mutum furuci kamar malami. Ba na so ka yar da harshen. Ko da yake a 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, takardun da za su riƙa biyowa ta hannunka da Faransanci za ka fi ganinsu, kuma ɗan Kano da ya iya karanta su ba zai rasa abin yi ba.

Amma akwai abin da ya fi ba ni mamaki a labarinka, kuma sai na faɗa. Alhajin nan Bahaushe ne, yaronsa Bahaushe ne, kawunka da Hausa yake ciniki da su tun kana goye. Kiran minti guda da Hausa, "Ranka ya daɗe, ashirin da bakwai ga wata ko?", da ya tare duk wannan asara. Ba ka kira ba ne don kada a ga kamar ba ka iya ba. Daga yau ka kafa wa kanka ƙa'ida, ka kuma gaya wa kawu ita don ya riƙa tambayarka: duk wa'adin da ya zo a rubuce sai an maimaita shi da baki, duk wanda ya zo da baki sai an mayar da shi a rubuce. In za ka rubuta, ka haɗa sunan rana, lamba, da lambar cikin haruffa, sannan ka bi da Hausa. Misali: "Nous confirmons : le vendredi 1er (premier) août 2025. Wato ranar Juma'a, ɗaya ga Agusta." Sunan ranar shi ne mai gadinka, domin 21 da 27 ba sa taɓa faɗowa rana guda a wata ɗaya. Da takardar ta zo da sunan rana, ko da ka tambaya, da kalanda ta tona kuskuren nan take.

Yaron da ya yi maka dariya kuma kada ka riƙe shi a zuci. Shi ya san rubutun da kake fama da shi, kai kuma ka san Ingilishin da shi zai buƙata duk ranar da takardar kwastan ko ta banki ta je masa daga Najeriya. In ka isa Maraɗi ka gama da Alhaji, ka zauna da shi, ka ce ya rubuta maka lambobi daga sifili zuwa tara da hannunsa a takarda guda, ya kuma karanta maka ɗaya zuwa talatin da ɗaya a saƙon murya. Ka sayo kalandar bango ta can mai ɗauke da ranakun hutunsu, ka rataye ta kusa da ta Najeriya a inda kake zama, ka liƙa takardar lambobin a ƙarƙashinta, domin ranar da ofisoshinsu ke rufe ba lallai ta zo daidai da tamu ba, kuma wannan ma yana iya tsayar da mota a iyaka.